Bappa Duba-gari da Mudun Mai Wake

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bappana, ƙanin mahaifina, ya rasu ranar wata Asabar da hantsi, yana zaune a kan bencinsa na ƙofar gida a unguwar Kumbiya-Kumbiya cikin Gombe, hula a kai, kwandon cefane a gefen ƙafarsa. Ya yi shirin kasuwa, aka kira shi wani wurin. Unguwa duka ta san shi da Duba-gari, ko da yake ya ajiye wannan aiki na jami'in tsaftar gari tun kafin a haifi rabin masu kiransa da sunan.

Na zauna zaman makoki da yawa, na kuma san abin da ake faɗa. Ana cewa mamaci mutumin kirki ne, mai haƙuri, ba ya shiga harkar kowa. A tabarmar Bappa an faɗi na farko da zuciya ɗaya, an faɗi na biyu da ɗan tari, na ukun kuwa babu wanda ya iya buɗe baki ya faɗa, don ƙarya a gaban liman tana da nauyi. Sai kowa ya shiga tuno abin da ya haɗa shi da Bappa a wajen ciniki.

Mahaucin bakin masallaci ne ya fara. Ya shafa addu'a, ya gyara zama, ya ce, "Allah ya jiƙan Duba-gari. Ni dai bai taɓa sayen nama a wurina ba sai ya tambayi inda saniyar ta fito, da wanda ya kawo ta, da ko mai ita ya san ta taho. Bayan duk wannan shari'a kuma ya sayi abin da ko mage ba za ta yi godiya ba."

Mai gawayi ya ce shi ko shari'ar bai samu ba. "In na gaishe shi sai ya amsa da fara'a, ya dubi buhuna, ya ce, 'Allah ya jiƙan wannan bishiya.'"

Wani matashi maƙwabcinmu, ɗalibin jami'a, ya ce ai irin cefanen da Baba yake yi yanzu ya zama yayi a duniya, a waya ma akwai masu koyar da shi, har suna gare shi na Turanci, sai dai masu yinsa duk masu hali ne. Wani tsoho da suka yi aiki tare da Bappa ya ce, "To shi da fansho ya yi. Ka je ka gaya musu."

Aka yi dariya irin ta makoki, a sunkuye, ana rufe ta da salati.

Muna cikin haka a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke buhunan shinkafa da jarkar man gyaɗa, aka jere a zaure. Direban ya ce daga mijin Adda. Adda ita ce babbar 'yar Bappa, mijinta kuwa Alhaji ne mai fataucin hatsi, gidansa a unguwar Barunde, sitonsa ya fi gidan girma. Duk wanda ke zaune a wurin ya san Bappa bai taɓa sa ƙwayar hatsin surukinsa a baki ba.

Hamma, babban ɗan Bappa, ya ja hannuna muka koma bayan zaure.

"Malam, ka ga abin da ya same mu," ya ce. "Jibi sadakar uku. 'Yan'uwa na Kano suna hanya, na Katsina sun taso. Albashina bai shigo ba, naka na san inda ya tsaya. Abin da ke cikin ɗakin ajiyar Inna ba zai ciyar da sahun farko na masallaci ba."

"To ga shinkafa Allah ya kawo."

"In muka dafa, mun yi wa Baba sadaka da abin da ya ƙi ci da ransa, kuma duk unguwa na kallo. In muka mayar, mun tsinka Adda a gaban mijinta da danginsa, a ranar da ta rasa uba. Zaɓi ɗaya."

Ban zaɓa ba. Muka kai maganar gaban Inna, matar Bappa, tana zaune a ɗakinta cikin mayafin takaba. Inna ba ta yi wa Hamma magana kai tsaye, ɗan fari ne, don haka ni ta duba.

"Ka gaya wa wancan a bar buhunan inda suke. Kada a kwance, kada a mayar. Ina tunani."

Haka shinkafar ta zauna a zaure, masu ta'aziyya suna raɓa ta suna wucewa kamar wani baƙo da ba a san wanda zai fara gaishe shi ba.

Wanda bai san Bappa ba zai ce wannan tsanani ne a kan abinci. Dole in koma baya kaɗan.

Lokacin da aka turo ni koyarwa wata sakandare a Gombe, a gidansa na sauka, na zauna har na yi aure. Ya riga ya yi ritaya. Fanshonsa irin fanshon nan ne mai zuwa kamar ɗan'uwa na nesa, ba a san ranar isowarsa ba, in ya iso kuma a ga ya rame. Da wannan ne Bappa ya ƙudura cewa ba zai sa wa iyalinsa a tukunya abin da aka cuci wani kafin ya iso ba. Na karanta littattafai da dama a kan adalci, wasu ma na koyar da su ga yara masu gyangyaɗi, amma ban taɓa ganin adalci yana zufa ba sai da na bi Bappa kasuwa ranar Asabar.

Cefanen da kowa ke gamawa kafin rana ta yi zafi, shi sai an kira azahar. Yakan wuce manyan rumfunan gaba ko kallo babu, ya nausa can baya inda masu lambu ke sauke kwandunansu da kansu, don kuɗin ya faɗa hannun wanda ya yi ban ruwa. Ba ya karɓar leda. Ya ce ya yi rabin rayuwarsa yana tono ta daga kwata, ba zai ƙare sauran rabin yana mayar da ita ba. Kwando yake zuwa da shi, da kwalbar mai, da wasu ƙananan buhunan atamfa da Inna ta ɗinka masa daga tsofaffin zannuwanta, har mata a kasuwa sun san zannuwan Inna fiye da yadda suka san ita Innar.

A layin hatsi kuwa, kafin a auna masa komai sai ya karɓi mudun, ya kifa shi, ya bi gindinsa da babban yatsa. Ya ce mai son cuta yakan sa a bubbuga gindin mudu ya shige ciki, sai ka ga an cika maka har da tozo, alhali ƙasan ya cinye rabonka. In ya ji gindin ya shige ba ya faɗa, ba ya tara jama'a. Sai ya miƙa wa mai shi a hankali, ya ce, "Wannan mudun ya sha wahala, a ba shi hutu." Ya wuce gaba.

Wajen tayi yana da fuska biyu. In ya shiga kantin babban ɗan kasuwa, zai yi ta ciniki har sai mai kantin ya fara ambaton marayun da yake riƙo. In kuwa tsohuwa ce da tiren kuɓewa, ko Bafulatana da ƙwaryar nono, abin da ta faɗa shi ne. Idan kuɗin bai kai ba, sai ya ce a rage kayan. Na taɓa ce masa, "Bappa, ai ita ma ta san za a taya, shi ya sa ta ɗora." Ya ce, "Na sani. Amma in kuɗi ya gaza, cikina nake tayawa, ba ita ba. Shi ya saba."

Cikin nasa ya saba, amma ba shi kaɗai ke da ciki a gidan ba. Inna takan ce nama a gidan nan baƙo ne, kuma irin baƙon da ba ya kwana. Rigimarsu mafi girma a kan gawayi aka yi ta. Wata shekara zaizayar kwari ta ci katangar wani abokinsa da damina, Bappa ya dawo daga jaje ya sanar cewa daga yau gawayi ba zai ƙara shiga gidansa ba, tunda sare bishiyoyi ne ya sakar wa ruwa hanya. Gas ya fi ƙarfinsa, kananzir ma haka. Sai ya je wajen kafinta ya roƙo garin katako, ya sa aka ƙera masa wani murhu na gwangwani da ya gani a wajen wani taro. Murhun yana aiki, ban hana shi haƙƙinsa ba, sai dai hayaƙinsa ya sa maƙwabta suka shigo da bokitin ruwa. Inna ta fito daga madafi idanu jajur, ta miƙa masa muciya.

"Malam, tunda kai ka san kansa, bismillah."

Ya karɓa, don ba ya son a ce ya ja baya. Tuwo ɗaya ya tuƙa. Mun ci, domin biyayya. Bayan wannan sai aka koma karan dawa da busassun rassa a fili, a ɓoye kuma Inna tana sayen ɗan gawayi da kuɗin ƙuli-ƙulinta. Wata rana muna cin dambu mai kyau ƙwarai, na ce, don tsokana, "Bappa, da me aka dafa wannan?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Ban tambaya ba. Akwai tambayar da mai hankali ba ya yinta da yunwa."

Haka ma shayi. Mutumin da ke neman asalin saniya bai taɓa neman asalin sukari da madarar gwangwani ba. In an tuna masa sai ya kurɓa, ya ce, "Bincikena bai kai can ba tukuna." Har ya koma ga Allah binciken bai kai ba. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauka waliyyi muka binne. Mutum ne da ya yi iya abin da aljihunsa da maƙogwaronsa suka yarda, kuma abin da suka yarda ɗin ya fi na yawancinmu.

Tsakaninsa da mijin Adda ba gaba ba ce. Yana son yaron, shi ya ba shi 'yarsa, a lokacin yana ɗan ƙaramin dillali. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya shiga abin da manyan masu hatsi ke yi, a saya da araha da kaka, a kulle a sito, a jira damina ta tsakiya lokacin da rumbun kowa ya yi fayau. Sallar farko da ya aiko da buhun shinkafa, Bappa ya sa aka mayar da godiya mai yawa. Alhaji ya zo da kansa, ya durƙusa a zaure.

"Baba, ko na yi laifi ne?"

"Ba ka yi mini ba. Amma hatsin da aka kulle yana jiran yunwar mutane ta nuna, ba ya wuce mini a wuya."

"Baba, in ban saya da kaka ba, manomi wa zai sayar wa ya biya kuɗin makaranta? In ban ajiye ba, da damina me za a samu a kasuwa? Ɓera da ruwa da ƙwari duk a kaina suke."

Bappa ya ce, "Rabin maganarka gaskiya ce. Ranar da ka gaya mini wane rabin ne ke cikin wannan buhun, zan ci."

Tun daga nan, in ya je Barunde ruwa kawai yake sha. Suna, biki, Sallah, duk ruwa. Ya yi wasa da jikoki, ya yi addu'a, ya tashi. Adda takan dafa abinci mai rai da lafiya ta ajiye a gabansa, ta ɗauke shi yadda ta kawo. Na taɓa tarar da ita a madafi tana wanke kwanon da ba a ci komai a cikinsa ba, tana ta wankewa.

Saura Mai Wake, wadda ba a iya ba da labarin Bappa ba tare da ita ba. Mace ce 'yar ƙasar Tangale, gajera, mai murya, rumfarta a ƙarshen layin hatsi. Wakenta daga gonarta da ta 'yan'uwanta yake zuwa, kuma da toka da barkono take ajiye shi, ba da maganin ƙwarin nan mai wari ba. Bappa yakan shinshina wake kamar mai sayen turare. In ya ga ƙwaro ɗaya yana yawo a ciki da lafiyarsa sai ransa ya yi fari, ya ce shaida ce, abin da bai kashe wannan ba ba zai kashe jikokinsa ba. Ranar da ya fara tsayawa a rumfarta ina riƙe da kwando. Ya shinshina, ya gamsu. Ya kifa mudunta, ya shafa, ya gamsu. Ta auna masa, sannan ta cika hannu ta ƙara gyara kamar yadda kowa ke yi. Bappa ya sa nasa hannun ya kwashe daidai abin da ta ƙara ya mayar mata cikin buhu.

"Mene ne haka, Duba-gari?"

"Abin da na biya shi zan ɗauka, baiwar Allah. Kina yi wa kowa haka, kafin yamma kin yi kyautar guminki."

"Gumina ne, ni na ga dama. Ko waken ne bai yi maka ba?"

"Wakenki ya fi na kowa a layin nan."

"To hannuna ne ke da datti?"

"Subhanallahi. Ni ban ce ba."

"Wato ni talaka ce da ba ta isa ta yi kyauta ba. Kai kaɗai Allah ya ba zuciya."

Layin hatsi ya taru. Bappa yana bayani a tsanake, da misalai, kamar yana gaban kwamiti. Ita kuwa ta karɓi buhun atamfar daga hannuna, ta juye waken duka, ta miƙa masa kuɗinsa, ta ce ya je ya sayi na masu magani, su ba sa gyara, za su daidaita. A hanyar gida ya ce mini, "Ba ta fahimta ba. Taimakonta nake yi." Na ce haka ne, don ni a gidansa nake kwana.

Gidan ya shiga fari na wake. Ba alale, ba ƙosai, ba ɗanwake na kirki, domin Bappa ya ƙi na masu magani, Mai Wake kuma ta ƙi Bappa. Abin ya daɗe har Inna ta fara cewa ita da ta san adalci haka yake da ta auri azzalumi. Sai wata Asabar muna wucewa, Mai Wake ta kira shi.

"Duba-gari, zo ka sayi wakenka. Na daina yi maka gyara. Mudu kawai, ko ƙwaya ba zan ƙara ba."

Ta jawo mudu daga ƙarƙashin buhu, ta auna, ta share bakinsa da tafin hannu don ya gani. Bappa ya dawo gida kamar wanda ya ci shari'a. "Ta fahimta," ya ce wa Inna.

Daga nan ne aka samu abin da na riƙa kira, a zuciyata, babban darasin Bappa. Ya lura waken matar nan yana daɗewa. Mudun da ya kamata ya ƙare ranar Laraba sai ya kai Juma'a. Ya gina hujja a kan wannan, kuma babu wanda ya tsira daga jinta, musamman surukinsa. "Alhaji," yakan ce, yana riƙe da kofin ruwansa a Barunde, "mudu ɗaya na waken matar nan yana yi mana abin da na wani ba ya yi. Wannan ita ce albarkar halal. Ba a karanta ta a makaranta, a tukunya ake gani." Ni da ke riƙe alli ina gyaɗa kai. Inna kuwa duk lokacin da aka zo wannan darasi sai tari ya kama ta, ta tashi ta shiga madafi.

Shekaru suka wuce a haka, ya tsufa, ta tsufa, suna gaisawa da faɗa kowace Asabar.

Washegarin rasuwar, bayan la'asar, shinkafa tana nan a zaure, Hamma ya rame a tsaye, sai aka aiko Inna tana kiranmu ciki. Muka tarar da Mai Wake zaune a tabarma kusa da ita, ta ɗaure kai da baƙin ɗankwali, a gefenta buhun wake da aka shigo mata da shi a baro. Adda tana jingine da bango. Inna ta ce a kira Alhaji ma. Ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa, kai a ƙasa.

Mai Wake ta yi mana gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a coci ma ta sa an yi masa addu'a, in bai so ba ya tashi ya hana. Sannan ta dafa buhun.

"Wannan gyara ce. Ya ƙi da ransa. Yanzu ina so in ga wanda zai sa hannu ya kwashe."

Babu wanda ya sa hannu. Ta kwance wani ƙulli, ta fito da mudu biyu ta ajiye a gabanmu.

"Malam, kai ne mai ilimi. Kifa su."

Na kifa na farko, gindinsa a shafe, lafiyayye. Na kifa na biyu, sai ya ƙi zama daidai a idona. Gindinsa ya turo waje kamar cikin mai ƙoshi, ana ganin sawun guduma a zagaye.

"Mutumin nan ya hana ni kyauta a gaban jama'a," ta ce. "Na kwana ina jin haushi. Sai na je wajen maƙeri, na ce yadda kake buga wa marasa tsoron Allah mudu ya shige ciki, ni buga mini ya fito waje. Ya ce Mama, kin samu taɓi ne? Na ce buga. Wannan na Duba-gari ne shi kaɗai, a ƙarƙashin buhu yake kwana. Duk abin da ya saya a wurina tun daga ranar, da gyararsa a ciki. Ya ci, 'ya'yansa sun ci, har ya yi ƙiba a wuya."

Hamma ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, ya rufe fuska da hula. Adda ta zame ta zauna. Ni kuwa ina tuno yawan lokutan da na gyaɗa kai ga albarkar halal, wadda ashe maƙeri ne ya buga ta.

"Inna, kin sani?" Adda ta tambaya.

"Tun makon farko. Tukunyata ta gaya mini."

"Shi fa Baba?"

Inna ta gyara mayafinta. "Babu mudun da bai kifa ba a kasuwar nan, har na masu sayar da gishiri. Nata ne kaɗai ya daina kifawa tun ranar da suka shirya. Ko amana ce, ko irin tambayoyin nan ne da ba ya yi da yunwa, ni ban sani ba. Ban tambaya ba."

Sannan ta juya wajen ƙofa, ba ta dubi surukin nata ba, ta yi magana da bango kamar yadda ya dace.

"Alhaji, Malam, Allah ya jiƙansa, ya yi gaskiya a kan sito, ya yi kuskure a kan kyauta. Abin da ya yi ta roƙo shi ne hatsi ya fito daga kulle. To ga shi ya fito, kuma ba da kuɗi ba. Ba zan mayar da shi inda Malam ya ƙi ba. Gobe za a dafa rabi da waken baiwar Allah nan, 'yarsa ce za ta tsaya a kan tukunya. Sauran a bi gidajen unguwa da shi ɗanye. Kai za ka auna da hannunka, kuma da wannan."

Ta tura masa mudun mai ciki a kan tabarma. Alhaji ya ɗauka. Ya kifa shi, ya bi gindin da babban yatsa, daidai yadda Bappa ke yi, har sai da na kawar da kai.

"Inna," ya ce a hankali, "wanda ya yi ciniki da wannan ai karyewa zai yi."

"Ga ni nan zaune, Alhaji," in ji Mai Wake. "Ban karye ba."

Ranar sadakar uku an ci garau-garau da man gyaɗa da yaji, na Kano da na Katsina da na unguwa, har mahauci da mai gawayi. Ba a raba shi a leda ba, Inna ta hana, kowa a kwano ya ci, masu kai wa gida suka zo da nasu. Da aka tambayi Inna da me za a hura wuta, ta ce da karan dawa, yau dai a yi masa yadda yake so. An sha hayaƙi, kuma ya taimaki masu son yin kuka ba tare da an gane ba. Adda ce ta zuba kwanon farko. Ta tsaya da shi a hannu kamar mai neman inda za ta kai, sannan ta fita ta ajiye a kan bencin ƙofar gida, ta kira wani tsoho mai wucewa ta ce ya zauna ya ci. Ya cinye tas. Ta ɗauki kwanon ta wanke, sau ɗaya.

Alhaji ya yini a zaure, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana auna shinkafa da mudun Mai Wake, mata suna miƙo kwanuka. Da ya gama ya roƙi a bar masa mudun. Mai Wake ta ce ya ɗauka, mai shi ya tafi, amma kada ya ce zai biya. Ko yana amfani da shi a sitonsa, ko ya rataye shi ne a bango, ban sani ba. Na je Barunde sau da dama tun daga nan, ban tambaya ba.

Kwandon yana wurina yanzu. Ina zuwa da shi kasuwa ranar Asabar, ina kifa mudu, ina kuma karɓar gyara da hannu biyu in ce na gode. Asalin sukari dai har yau ba a gano ba.

Allah ya jiƙan Bappa, ya yafe masa shayinsa da taurin kansa, ya ba Inna haƙurin rashin wanda za ta yi wa tari. Allah ya auna masa da mudun da ya fi na Mai Wake zurfi, ya kuma ƙara masa gyara. Wannan karon ba na jin zai sa hannu ya kwashe.